Katangar da Baffa Ya Ja a Maƙabarta

A Anacha aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna jere da juna, bayan masallacin unguwarmu. Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Ose. Tun yana saurayi ya biyo motar kaya daga Arewa, ya sauka a bakin kogi, bai sake komawa gida da zama ba sai dai ziyara. Mu 'ya'yansa, ni da ƙanwata, da harshe uku muka tashi: Hausa a ɗaki, Ibo a bakin famfo, buroka a kasuwa.

Baffa ƙanen Baba ne, ciki ɗaya. Da kakanmu ya rasu, Baba ya je gida ta'aziyya ya taho da shi, dogon saurayi mai fara'a da bakin magana. A gidanmu ya zauna har ya yi aure. Inna ce take zuba masa abinci, ita take wanke masa kaya, in ya yi laifi ita take rufa masa asiri a wajen Baba. Yaya yake kiran Baba, ita kuwa Inna yake ce mata kamar yadda muke faɗa, don ya ce tun da ya baro tasa uwar, ita ce madadinta.

Bai taɓa son zaman rumfa ba. Da an buɗe buhun da ya fara ruɓa sai ya nemi dalilin tashi. Amma kafin a ankara ya iya Ibo fiye da waɗanda suka tsufa a garin. In 'yan haraji suka kama baron wani, ko 'yan sanda suka kwashe masu wankin takalmi, Baffa ake nema. Zai shiga ya yi ta jan su da karin maganarsu har su yi dariya su saki mutum. A idona a lokacin ba wanda ya kai shi. Shi ya koya mini keke a titin da yake gangarawa bakin ruwa, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayana, rigarsa sharkaf da gumi.

Abin da ya fi damun dattawanmu a shekarun nan shi ne inda za a kai mamaci. Tsohuwar maƙabarta ta cika. In aka je haƙa sai a ci karo da ƙashi, a mayar a matsa gaba, a sake tarar da wani. Masu hali sukan sa gawa a motar albasa da za ta koma Arewa ba kaya, a yi ta tafiya cikin zafi, a isa da ita a yanayin da ba ya faɗuwa. Waɗanda ba su da kowa kuwa, samarin da suka zo daga ƙauyuka suna tura baro ko ga-ruwa ko haƙar kwata, in ajali ya same su sai a rasa yadda za a yi. Baba yana cikin masu yi wa gawa wanka da sutura. Ba naɗa shi aka yi ba, haka dai ya saba. Sau da yawa zai bar ciniki a gabansa don an ce ga wani can a asibiti ba a san danginsa ba. Ya sha dawowa ya zauna ya kasa cin abinci, yana cewa, "Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a gari, a rasa 'yan kamu kaɗan da za a rufe shi."

Dattawa sun daɗe suna bin hukuma a ba mu wani fili. A ce su dawo, su koma, a ce mai sa hannu ya yi tafiya.

Sai siyasa ta zo ta tarar da Baffa a shirye. Wani mai neman kujerar ciyaman a wata ƙaramar hukuma da ke gefen gari ya lura Hausawa da yawa suna da ƙuri'a a yankinsa, ya nemi wanda zai shige masa gaba. Baffa ya bi rumfa-rumfa daga Ose har kasuwar Ochanja, ya bi mahauta da garejin manyan motoci da magana ɗaya: a zaɓi mutumin nan, za a samu maƙabarta. Baba da bai taɓa damuwa da zaɓe ba, da kansa ya tsaya a layi cikin rana. Mutumin ya ci, ya naɗa Baffa mai ba shi shawara kan harkokin 'yan Arewa, aka ba shi ofis da mota. Daga ranar ya koma Onarabul a bakin kowa, ban da gidanmu.

Kuma ya cika alkawari. Wannan nakan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, don gaskiya ce. Ba a yi nisa ba hukuma ta karɓi fili daga mutanen wani ƙauye da ke wajen gari ta ba jama'armu. Fili ne mai faɗi a kan tudu, daga bakin wata hanyar ƙasa ya gangara har zuwa wani kwazazzabo da ruwa ya daɗe yana ci. Samansa shimfiɗaɗɗe ne, cike da itatuwan yazawa. Ƙasansa gangare ne mai jar ƙasa da saurin zubewa. Da aka zo yin takardar fili, aka ce ƙungiyarmu ba ta da rajista, sai dai a sa sunan wakili. Aka sa na Baffa. A gaban kowa aka yi, a masallaci aka sanar, ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Ranakun Lahadi, da yake kasuwa ba ta ci, muke zuwa sharar filin. A lokacin na zama saurayi, ina zaman rumfa tare da Baba. Motar albasa take kwasarmu da adduna da fartanya, 'yan baro da mahauta da dillalai duk a cakuɗe. Ranar farko dattawan ƙauyen suka zo, aka kai musu goro da akuya. Babbansu, wani tsoho mai jar hula, ya dafa ƙasa da tafin hannunsa ya ce ƙasa ba ta ƙin gawa, ko ta wane ne. Baba ya tsaya a inuwa yana kallon faɗin filin, na ga yana share ido da hannun rigarsa.

Inna ba ta daɗe ba bayan haka. Hawan jini ne ya kayar da ita tana tankaɗe da hantsi, kafin la'asar ta cika. Tana cikin mutanen farko da aka rufe a wurin, a sahun sama kusa da hanya, gindin wata yazawa mai reshe biyu. Baffa ne ya kawo likkafani. Ya ɗauki makara tun daga mota har bakin kabari, ya ƙi yarda a karɓe shi. Da aka gama ya durƙusa ya yi kuka irin na yara, sai da Baba ya ɗaga shi. Ƙanwata, wadda take aure a unguwar Asata ta Inugu, ta iso bayan an dawo. Da yake mata ba sa zuwa maƙabarta, ni na kwatanta mata wurin. Na ce akwai inuwa, ba laka, iska tana kaɗawa. Ta ce to, alhamdu lillahi.

Bayan haka ni da Baba muka mayar da shi al'ada, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mu hau okada mu je ziyara. Yakan tsuguna ya cire 'yan ciyayin da suka fito, ya gyara duwatsun da ya jera a gefe, ya yi addu'a, sannan ya bi sauran kaburburan ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da aka sake zaɓen ciyaman, gwamnati ta zuba wa hanyar nan kwalta, ta haɗa ta da babban titin da manyan motoci suke bi. Nan da nan daji ya fara zama gari. Gine-gine suka taso, kowa yana neman bakin titi. Baffa ya zo masallaci ya ce ya samo mana aikin katanga daga hukuma, don kada masu cin iyaka su shigo mana. Aka yi ta sa masa albarka. Aka sauke bulo da yashi.

Wata Juma'a muka je muka tarar katanga ta tashi, amma ba kewaye filin ta yi ba. Ta tsakiya ta ratsa shi. Duk shimfiɗaɗɗen saman nan da ke bakin titi, har da sahun kaburburan farko, ya koma ciki, an sa masa ƙofar ƙarfe. Gangaren da yake kallon kwazazzabo shi aka bari a waje, da wata siririyar hanya ta gefen katanga. Baba ya kira Baffa a waya muna tsaye a wurin. Ina jin muryar Baffa yana cewa, "Yaya, kada ka damu. Masallacin jana'iza za a yi a ciki, da ɗakin mai gadi. Kaburburan ba abin da zai taɓa su." Baba ya ce to.

Mai gadin da aka sa ya bar mu mun shiga da farko, daga baya ya ce an hana. Muka koma yin addu'a daga bakin ƙofa. Sai azumi ya zo da hidimar kasuwa, muka ɗan ɗauke ƙafa. Bayan salla na je ni kaɗai. Tun daga nesa na ga ba yazawa ko ɗaya. Katafila ta baje wurin, an haƙa manyan ramuka an binne tankuna, ana zuba kankare. A jikin ƙofa an kafa allon wani kamfanin mai, sunan kamfanin kuwa na 'yar Baffa ta fari ne. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofa ina neman inda Inna take. Na auna da katanga, na auna da titi, na kasa. Ko'ina ya zama iri ɗaya. Wani lebura Bahaushe da yake kwaɓa siminti ya gane ni, ya sunkuyar da kai. Na tambaye shi ko an kwashe mutanen da ke wurin kafin a zuba. Ya ce shi dai bai ga an kwashe kowa ba.

Na samu Baba a rumfa yana duba buhuna. Na jira mai saye ya tafi, sannan na faɗa masa. Ya zauna a kan buhu. Can ya ce in rufe rumfa in raka shi.

Baffa ya riga ya tare a sabon gidansa, a unguwar da ba Hausawa. A bakin ƙofa mun tarar da mutanenmu a zazzaune suna jiran ya fito, kowa da buƙatarsa. Aka shigar da mu falo. Ya fito da sauri, ya durƙusa ya gaishe da Baba kamar yadda ya saba, ya tambayi gida da kasuwa da ƙarfin jiki. Baba ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba.

"Yaya, da ka aiko ai da na zo," in ji Baffa.

"Na zo in ji daga bakinka ne," in ji Baba. "Ina matata?"

Baffa ya dube ni kamar yana so in ba su wuri. Baba ya ce, "Uwarsa ce. Bar shi ya ji."

"Yaya, abin ba yadda kake gani ba ne. Tun da aka yi titin nan idon manya yake kan filin. Ciyaman da bakinsa ya ce ba za a bar wa matattu bakin titi ba. Da ban shiga gaba ba, da duka za su karɓe, har gangaren. Ni na tsaya aka bar mana rabi."

"Aka bar mana, ko aka bar maka?"

"Akwai rabon wasu a ciki, ba ni kaɗai ba ne. Kuma Yaya, kujerar nan ba gado ba ce. Gobe in aka sauya ciyaman, wa ya san ni? Tun yaushe nake yi wa mutanen nan wahala, daga caji ofis zuwa asibiti zuwa kotu, wa ya taɓa tambayata abin da 'ya'yana suka ci? In ban tsaya da ƙafata yanzu ba, sai yaushe?"

"Ban hana ka arziki ba. Inda matata take na tambaye ka."

Baffa ya sassauta murya. "Tana nan inda take. Ba a tone kowa ba, na hana. Sama kawai aka rufe. Na tambayi wani malami, ya ce in kabari ya daɗe..."

"Ya daɗe?" in ji Baba. "Kayanta suna nan a akwati, ko ƙamshin turarenta bai fita ba."

Baffa ya matso kusa da ƙafarsa. Ya ce zai haƙa rijiya a garinmu ladan ya je mata, kuma bana ya riga ya sa sunan Baba a kujerar Makka. Baba ya miƙe tsaye.

"Riƙe kujerarka. Wadda ta wanke maka wando kana barci, ita ka sa tanka za ta riƙa juyawa a kanta. Ban san da wace fuska zan tsaya a Arfa da kujerar da ta fito daga hannunka ba."

Ruwan da aka kawo mana yana nan a kan tire ba a taɓa ba. Baffa ya biyo mu har waje yana kiran direbansa. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da okada.

Na ɗauka unguwa za ta tashi. Ba ta tashi ba. An yi taro a masallaci bayan azahar, aka yi ta kewaye-kewaye. Wasu Baffa ne ya samar musu rumfa, wasu shi ya karɓo musu izinin yin okada. 'Yan baro da masu wankin takalmi, waɗanda 'yan'uwansu suka fi yawa a sahun da aka rufe, suka yi tsit a baya, don sun san in aka kama su gobe ba su da lambar kowa sai tasa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Mu baƙi ne a garin nan. In muka kai ƙarar ɗan'uwanmu gaban masu gari, kanmu muka tona wa asiri, kuma gangaren ma sai a ƙwace." Liman ya yi huɗuba a kan amana, bai kama suna ba. Baffa yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Baba ya nemi waɗanda za su bi shi wajen lauya, ya samu 'yan ƙalilan, su ma suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Na kira ƙanwata na faɗa mata. Ina jin hayaniyar 'ya'yanta a bayanta. Sannan ta ce, "Yaya, yanzu in na yi mata addu'a za ta same ta?" Na ce za ta same ta.

Abin da ya fi cin ran Baba ya zo ne daga inda bai zata ba. Wata safiya tsohon nan mai jar hula ya zo har Ose yana dogara sanda. Ya zauna a bencinmu, aka miƙa masa goro ya ƙi karɓa. Da harshen Ibo ya yi magana, ni nake fassara wa Baba abin da bai kama ba. Ya ce, "Mun ba ku ƙasar kakanninmu don kun ce matattunku ba su da wurin kwana. Da mun san mai za a sayar, mu ma muna da 'ya'ya masu son abin duniya. Mu ko maƙiyinmu ne ba ma gini a kan kabarinsa. Ashe haka kuke yi da naku?"

Baba ya ce in gaya masa ba haka muke yi ba. Na gaya masa.

Tsohon ya dube shi ya ce, "To wa ya yi?"

Baba ya kasa cewa ƙanena ne. Tsohon ma ya sani. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Gidan mai ya buɗe da biki da rumfuna da kujeru. Mu kuwa muka ci gaba da rufe mutanenmu a gangare, don mutuwa ba ta jira a gama gardama.

Ruwan Anacha ba irin na Arewa ba ne, in ya tsuge sai ya wuni. A da itatuwa da ciyawar saman filin suna shanye shi. Yanzu duk abin da ya sauka a kan kankaren nan ta bututu ɗaya yake fita, bakin bututun kuwa a kan gangarenmu yake. Daminar farko ta yi mana ɓarna kaɗan, muka cike. A ta biyu, wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, mai kula da maƙabarta ya aiko a zo maza. Muka tarar kwazazzabon ya ci sahun ƙasa. Gefen ya zube, ana hango farin likkafani a cikin jar ƙasa, wasu kuma ruwa ya riga ya ja su can ƙasa. Ba zan kwatanta abin da muka gani fiye da haka ba. Aka ɗaura igiya a jikin katanga, samari suka sauka, aka aika kasuwa aka yanko sabon yadi, muka yi ta tattarawa muna sake rufewa daga sama. Na roƙi Baba ya zauna, ya ƙi. Yawancinsu shi ya yi musu wanka, yana tuna wane ne a wane wuri. Ya wuni cikin laka har gwiwa, yayyafi yana dukansa, yana karɓar abin da aka miƙo yana naɗewa da hannunsa. A bayan katanga janareto yana ta yi, ana shan mai.

Daga ranar Baba bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Tari ya kama shi da zazzaɓi, a asibiti aka ce sanyi ya shiga huhunsa. Ya ɗan ji sauƙi aka sallame shi, ya gwada komawa rumfa, jiki ya ƙi. Ƙanwata ta baro Inugu ta zo ta zauna jinya. Baffa ya yi ta aiko direba da kayan dubiya, Baba yana cewa a yi godiya a mayar.

Daga ƙarshe ya zo da kansa, wata la'asar, ba direba ba 'yan rakiya. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ya zauna a ƙasa kusa da katifa, a ɗakin da ya taɓa kwana yana saurayi.

"Yaya, ka yafe mini."

Numfashin Baba da ƙyar yake fita. Sannan ya ce, "Abin da ke tsakanina da kai na yafe, duniya da lahira. Nono ɗaya muka sha. Amma haƙƙin waɗanda suke ƙarƙashin simintin nan ba nawa ba ne. Ba ni da ikon yafe maka shi."

"To me zan yi, Yaya?"

"Ka sani."

Baffa ya sunkuyar da kai yana hawaye. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa yanzu, akwai hannun manya a ciki, ko taku ɗaya ba zai iya fasawa ba.

"To ko bututun ka juya," in ji Baba.

Ya ce zai juya. Ya ƙara da cewa in lokaci ya yi, Allah ya sa da nisa, ya yi alkawarin motar asibiti mai sanyi za ta kai Baba gida a sa shi kusa da iyayensu. Baba bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, "A gangare za ku sa ni, cikin yaran nan. Nan ne mafi kusa da ita da zan iya samu."

Bai kai ƙarshen daminar ba. Da hantsi ya cika, kansa a cinyar ƙanwata. Jama'a sun taru sosai, har da 'yan Ibo maƙwabtan rumfarmu da suka tsaya daga gefe ana salla. A siririyar hanyar nan ta gefen katanga, inda makara take wucewa da ƙyar, Baffa ya sa kafaɗarsa ya ɗauka. Ba wanda ya hana shi. Warin fetur yana bin mu har bakin kabari. Da aka gama rufewa ya zo ya riƙe hannuna yana kuka, kuma na san kukan gaskiya ne. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, na zare hannuna.

Bututun dai Baffa ya juya shi bayan an yi arba'in. Iyakar abin da ya yi ke nan. Amma kwazazzabo in ya riga ya buɗe baki ba ya rufewa don an ɗauke masa bututu, kowace damina sai ya ɗan ci gaba.

Wa'adin ciyaman ya ƙare, wata jam'iyya ta hau, aka karɓe ofis da mota daga hannun Baffa kamar yadda ya yi hasashe. Gidan mai yana nan, har ya buɗe wani a hanyar Inugu. Yanzu Alhaji ake ce masa, in ana taro a kujerar gaba ake zaunar da shi, ya gina masallaci a garinmu. Samarin da suka zo Anacha daga baya ba su san an taɓa rufe kowa a bakin titin nan ba. Kujerar da ya bari wani namu ne a kai, mutane suna zaman jiransa a ƙofar gida.

Ni na kasa ci gaba da zama a rumfar Ose. Na bar wa wani, na koma Fatakwal da iyalina, ina sayar da albasa da tattasai a can. Duk salla Baffa yakan kira ni. Nakan ɗauka, in gaishe shi gaisuwa cikakkiya, in tambayi iyali, ba na wuce nan. Ya taɓa cewa in dawo in riƙe masa gidan man, ai gidanmu ne. Na ce Allah ya saka da alheri, ina da rumfata.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka nakan je Anacha. Mukan haɗu da 'yan baro da wasu mahauta, mu cika tsofaffin buhunan albasa da yashi mu jera a bakin kwazazzabo, mu dasa gora. Wata shekara ya riƙe, wata shekara ruwa ya tafi da shi. Bana bakin ramin ya matso kusa da sahun da Baba yake. Liman ya ce in ana tsoron ruwa ya halatta a tashi mamaci a sauya masa wuri. Ƙanwata ta ce in haka ne a kai shi gida kawai a huta. Na ce mata ai ta ji abin da ya faɗa da bakinsa. Har yanzu ba mu tsayar da magana ba.

Zuwana na ƙarshe, da muka gama aikin buhuna, na wanke hannu na zagayo ta titi na shiga gidan man. Ban taɓa taka cikinsa ba sai ranar. Na wuce famfunan mai na nufi gefen da tankoki suke tsayawa, na tsaya inda zuciyata ta fi kwanciya da shi, na ɗaga hannu. Ban yi nisa ba wata yarinya mai sayar da mai, da rigar aiki, ta zo ta tsaya a gefena.

"Oga, wetin you dey find?" Tana tambayar abin da nake nema ne.

Na ce mata da buroka wata na zo gaisarwa. Ta waiga dama da hagu ba ta ga kowa ba. Cikin ladabi ta ce in ɗan matsa, tanka za ta yi baya. Na matsa jikin katanga, na ƙarasa fatihata daga can, na shafa. Sannan na fita titi na tsayar da okada zuwa tashar motar Fatakwal.